Injinan Kawu da Sallar Azahar

Duk abin da zan manta a aikina, ba zan manta makon da shinkafar kawuna ta kusa mutuwa a hannuna ba.

Lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, ina gidanmu a unguwar Gesse da ke Birnin Kebbi, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Kawu, ƙanin mahaifiyata, yana noman rani a fadamar Argungu tare da wasu manoma biyar, suna da injinan ban-ruwa shida masu aiki da sola. Damuwarsu ita ce idan ruwan rijiya ya ja baya, inji ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Na ce wannan ai ƙaramin abu ne.

Na haɗa musu 'yar kwamfuta kamar tafin hannu a cikin akwati, na sa wa kowane bututu abin da ke jin wucewar ruwa. Ruwa na wucewa, abin zai taɓa kwamfutar ta waya, ta ajiye abin da take yi ta amsa. Wannan taɓawar muke kira intarop. Mai karɓarta shi ne kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kuma ni na rubuta ɓangaren amsawar. Idan aka jima ba a taɓa ba, kwamfuta za ta ɗauka ruwa ya ƙare, ta kashe inji. Da wuraren sa waya suka yi mini kaɗan, sai na haɗa duk shidan a waya ɗaya. Na gwada a famfon tsakar gida, ɗaya bayan ɗaya, sati biyu ko gezau. Sai na kai na haɗa musu a fadama.

Shinkafa ta ɗauki ciki ke nan Kawu ya kira ni. "Injiniya, abin naki ya kashe muna injuna, ga ruwa cike da rijiya."

Na hau mota sai Argungu. Ina isa ya ce, "Ɗiyata, da sahe lahiya lau take. Sai an yi Azahar taka tsayawa."

Na yi dariya, na ce, "Kawu, kwamfuta ba ta san Azahar ba." Har yau ina jin kunyar dariyar nan.

Kwana uku ina sintiri tsakanin Birnin Kebbi da fadama. Na canza waya, na zargi zafin rana har na yi wa akwatin rumfa, na zargi batir. Na bi abin da na rubuta layi-layi, ban ga kuskure ba, don dama ban yarda akwai shi ba. Bayanan da kwamfutar ke ajiyewa dai abu ɗaya suke nunawa: taɓawa tana zuwa, tana zuwa, sai ta ɗauke ɗif, duk shidan lokaci guda. Lokacin ban-ruwan yamma yana ta wucewa a banza. Gonar Kawu ce a tudu, ita ta fara tsagewa, ganye ya nannaɗe. Sauran manoman suka ce a cire akwatin, shi kuma ya roƙe su a ba ni zuwa Juma'a. Hankalina ya tashi ƙwarai, don shi ya tsaya mini, kuma abincin gidansa ne ke bushewa.

Ranar Alhamis dabara ta ƙare mini, sai na rufe kwamfutata na zauna gindin mangwaro ina kallo kawai. Da Azahar ta yi, wani dattijo ya je ya sauke babban makunni, injina duka suka tsaya. Ashe manoman ba sa barin ruwa yana gudu babu mai kula, kada ya fasa kunyoyin gona. Suka yi jam'i, suka shafa, ya koma ya ɗaga makunnin. Injina shida suka tashi tare.

Nan take na gane. Da safe ɗaya bayan ɗaya suke kunnawa, yadda rana ke ƙara ƙarfi, daidai yadda na gwada a gida. Bayan salla kuwa shidan ke taɓa waya ɗaya a tare. Kanel ya amsa wa na farko ya juya, sauran biyar suna riƙe da wayar suna jira. Shi kuma sabuwar taɓawa kaɗai yake ji, wayar da ba a saki ba kuwa ba ta taɓuwa. Shi ke nan kowa ya yi shiru, ruwa na gudu, kwamfuta na cewa babu.

Gyaran bai wuce layi huɗu ba. Na sa duk wanda ya taɓa, kanel ya zagaya ya tambayi shidan, ya sake zagayawa, kada ya tafi sai babu mai jira. Na ce wa dattijon ya sauke makunnin ya ɗaga. Ya yi har sau biyar. Ruwa bai tsaya ba.

Kawu ya dube ni ya ce, "Ashe dai ta san Azahar."

Shinkafa ta farfaɗo, sai dai gefen tudu, inda ƙaiƙayi kawai aka samu. Kawu bai taɓa yi mini maganar ba, ni ce ban yafe wa kaina da wuri ba, don ranar farko ya ba ni amsar, na yi mata dariya kwana uku. Yanzu na kai inda nake koyar da wasu wannan aiki, kuma na iya shi. Amma duk wanda ya kawo mini ƙarar inji, ba na buɗe kwamfuta sai na tambaye shi yaushe abin ke faruwa, na kuma rufe bakina har ya gama.