Kulu da Tambayoyin Malam Yari

Duk wanda ya ce mini Kulu Mu'azu taurin kai gare ta, ba na musu da shi. Taurin kai kam akwai shi, har na sayarwa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu cewa wauta ta yi, don ni ina wurin, kuma na fi kowa sanin abin da ya faru.

Sunana Selina, 'yar Zuru ce ni, ina aikin ajiye bayanan marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a Wurno. Kulu ma irin aikina take yi a Goronyo. 'Yar Kagara ce, ta tashi a gonar albasar mahaifinta da ke shan ruwan madatsa, kuma ita kaɗai ce a gidansu ta wuce sakandare. Ba ta da yawan magana. In ka gaya mata abu, sai ta tsaya tana kallonka, har kai da kanka ka fara shakkar abin da ka faɗa.

A Achida muka haɗu. Wata ƙungiya ce ta tara mu, mu goma sha biyu, ma'aikatan asibiti daga Wurno da Rabah da Goronyo, ana koya mana tsaron kwamfuta duk ranar Asabar. A ƙarshe mutum biyar kacal za a kai Sakkwato su zauna babbar jarrabawar samun satifiket, sau ɗaya tak, babu maimaici. Kulu tana son gurbin nan fiye da kowa. Ta taɓa gaya mini a cikin mota cewa shekara bakwai tana miƙa wa mutane kati ta taga, kuma takardar nan ce kaɗai za ta iya tashe ta daga tagar.

Malaminmu, Malam Yari, mutumin Rabah ne, kuma ba mugu ba ne, son sauƙi ne kawai ya yi masa yawa. Wata Asabar ya zo da fara'a, ya raba mana tambayoyin gwaji guda ɗari huɗu da ya samo a wani guruf na waya, kowace da amsarta. Ya ce wanda ya haddace su ya gama da jarrabawa. Ya kuma ce daga cikinsu zai ɗebo gwajin da zai yi mana, biyar ɗin da suka fi maki su ne masu tafiya. Nan muka duƙufa da hadda, a mota, a bakin murhu, har a layin ɗiban ruwa.

Kulu ba ta fara da hadda ba. A gidansu akwai wata ƙa'ida tun shekarar da mahaifinta ya sayi irin albasa a gwangwani mai kyan hoto, ya shuka bai gwada ba, gadon renon ya tashi fayau. Tun daga lokacin ba a zuba iri a ƙasa sai an ɗebi kaɗan daga sama, da tsakiya, da ƙasan buhu, an naɗe a jiƙaƙƙen tsumma an ajiye gindin randa, a ga ko zai tsiro. Haka ta yi wa tambayoyin. Ta tsamo ashirin daga farko da tsakiya da ƙarshe, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gwama su da littafin karatunmu da jerin darussan da masu jarrabawar suka fitar da kansu. Wadda za a iya gwadawa da hannu, ta gwada a tsohuwar kwamfutar da aka jingine a ofishinsu.

Na farko-farkon lafiya lau suke. Daga tsakiya abin ya fara lalacewa, kuma shida cikin ashirin suka fito da amsar banza. Sai ta bi sauran gaba ɗaya, mako uku tana yi, tana rubuta gyaran a wani littafi mai jan bango. Ta ga tambaya ɗaya ta fito sau biyu da amsa daban-daban. Ta ga wasu a kan darussan da aka riga aka cire daga jarrabawar. Babu sunan wanda ya rubuta su, babu shekara, babu bayanin dalilin kowace amsa.

Ranar da ta kawo maganar a aji, cikin ladabi ta yi. Ta ɗauko guda: idan aka gane 'yan kutse sun shiga kwamfutar asibiti, me za a fara yi? Takardar Malam ta ce a goge komai a sake sabo. Littafi kuwa ya ce a fara raba ta da sauran kwamfutoci, a bar shaida yadda take. Malam Yari ya murtuke, ya ce mutane da yawa sun ci jarrabawa da waɗannan tambayoyin. Ta tambaye shi ko ya san ko mutum guda a cikinsu.

"Ke Kulu, mi kike so in yi?" in ji shi. "Takardag ga ita za ni bi in yi maki. Ki rubuta abin da ac ciki, ki tahi Sakkwato, can ki rubuta naki."

"Malam, ka yi haƙuri," ta ce. "Ni ba ni sa hannuna ga abin da nas san ƙarya ta."

Na bi ta har tasha ina yi mata faɗa. Na ce wannan gwajin cikin gida ne, ba wanda zai mutu don ta zaɓi amsa ta biyu maimakon ta uku. Ta san amsoshin takardar fiye da kowa a cikinmu, tunda ita ta bi su dalla-dalla. Ta saurare ni har na gaji, sannan ta ce hannun da ya saba da amsar banza ranar Asabar ba zai tuna ta ƙwarai ba ranar Litinin, kuma bayanan mutane ne a kwamfutocin nan. Haushi ya ishe ni, na shiga mota ko sallama ban yi mata ba.

Aka yi gwajin. Kulu ta amsa kowace tambaya yadda ta san daidai ne, Malam Yari ya bi takardarsa ya yi maki. Ta zo ta shida. Ni ce ta biyar, da ratar maki biyu.

A gaskiya Malam ya ji abin a ransa. Ya kira ta gefe ya ce zai ba ta takardarta ta gyara amsa uku kawai, ba wanda zai sani. Ta yi masa godiya, ta ce a'a. Ni kuwa ina tsaye ina ji. Ya zo mini a rai in ce na bar mata gurbina, amma ban faɗa ba, kuma har yau ina jin kunyar shirun nan.

Muna fita ta ciro littafin nan mai jan bango ta danƙa mini.

"Yaya Selina, ki aje waccan takardar, ki karanta wanga."

Shi na karanta har ranar jarrabawa. A cikin mu biyar, biyu ne muka ci. Ƙungiyar ba ta sake dawowa da shirin ba.

Da satifiket ɗin ya iso, na hau mota na tafi Goronyo. Na same ta a tagarta, mata sun yi layi da goyo. Ta goge hannu da gefen mayafi kafin ta karɓa, ta karanta sunana a hankali, ta yi mini barka da zuciya ɗaya. Sannan ta tambaye ni ko tambayar kutsen ta fito. Na ce ta fito.

"Wace amsa kib ba su?"

"Taki."

Ta gyaɗa kai, ta miƙo mini takardar, ta kira mai bi a layi. Na sa ta a jaka na koma Wurno. Har yau ban iya rataye ta a bango ba.