Ba Za a Manna Sunan Umaru a Ruwan da Ba a Auna Ba

Da daminar da ta wuce yayana Umaru ya cika shekara tara a ƙasa. Niyyata in yi abin da na saba, in dafa shinkafa in raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in koma aji wurin ɗalibaina. To, ba a bar ni ba. Ina cikin koyarwa a firamaren da nake aiki a Bagudo aka aiko mini cewa dangi sun yanke shawarar haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyenmu sadaka ga Umaru, za a kuma manna allo mai ɗauke da sunansa. Wallahi sai da na ajiye alli na fita na zauna a baranda. Ba murna ce ta fitar da ni ba, haushi ne, kuma har yau bai sauka ba.

Ƙauyenmu yana gaba da Illo, daf da iyakar Binin, inda mutum zai yi azahar a gonarsa ya yi la'asar a kasuwar wata ƙasa. Abin da aka san gidanmu da shi rijiya ce. Kakanmu, da kowa ke kira Malam, shi ya haƙa ta a gindin wani tudun dutse, ruwanta garai-garai, ga sanyi, ga daɗi a baki. Sauran gari ruwan fadama suke sha, ja-ja-ja, sai an sa masa alif ya kwanta. Saboda haka har daga tsallaken iyaka matan Dandawa kan zo da jarkoki ranar kasuwa, kuma duk wadda ta ja guga sai ta ce Allah ya kai lada kabarin Malam. Mun taso muna jin wannan addu'ar fiye da yadda muke jin sunayenmu.

Daga baya Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya gina ɗakin siminti a kan rijiyar, da rufin kwano da ƙofar ƙarfe, ba taga ko ɗaya. Ya ce don kare ta daga awaki, kuma don mata su yi wanki da wanka cikin sutura. A ɗakin nan Innarmu ta ƙare rayuwarta. Sana'arta gumin shinkafa, tana jiƙa ta da ruwan zafi ta turara kafin a kai inji. Nan take jan ruwa, nan take tafasa shi, nan take wuni ƙofa a rufe. Matar da ba ta taɓa ko shaƙar taba ba, sai ga tari ya kama ta ya ƙi saki. Da aka kai ta babban asibiti aka ce dajin huhu ne. Ba ta ga kakar waccan shekarar ba.

Umaru malamin kimiyya ne a sakandare, mutum mai sanyin magana amma in ya riƙe tambaya ba ya sakinta. Bayan rasuwar Inna ya shiga karatu da tambayar abokansa na jami'a. Wata rana ya zaunar da ni ya ce akwai wata iska da ake kira radon. Ba mutum ne ya zuba ta ba, daga cikin dutse da ƙasa take fitowa, haka Allah ya halicce su. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Tana narkewa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, in an jawo ruwan aka zuba ko aka tafasa sai ta fice ta shiga iskar wurin. A fili ba ta da wani ƙarfi, tana bajewa. Matsalar ita ce rufaffen ɗaki, inda mutum zai yi ta shaƙarta shekara da shekaru. Kuma ba kowane dutse ba, ba kowace rijiya ba. Sai an auna ake sani.

Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin an yi masa ƙarya da yawa. Umaru bai taɓa cewa rijiya ce ta kashe Inna ba. Ya ce mai yiwuwa hayaƙin itace ne, mai yiwuwa iskar nan ce, mai yiwuwa ba ko ɗaya. Abu biyu kawai ya roƙa: a bar shi ya ɗebi ruwa a kwalba ya kai ɗakin gwaji, kuma kafin sakamako a fasa wa ɗakin taga.

Ranar da ya faɗi haka a zaure, ina daga bayan zana ina ji. Baffa ya ce, "Mi kaka nuhi, Umaru? Rijiyad da tsohonmu yag gina ita tak kashe uwarka?"

Ya ce, "Baffa, ban ce ba. Na dai ce a auna. In lahiya lau take, ni za ni fara godiya."

Amma Baffa ya riga ya ji abin da yake so ya ji. A kunnensa, Umaru so yake ya tsayar da mata masu guga, ya yanke addu'ar da ke zuwa kabarin kaka. Nan fa maganar ta tashi daga ruwa ta koma ta rashin albarka. Sai Bawa, babban ɗan Baffa, wanda a lokacin yake fataucin man fetur a jarka zuwa tsallake, ya miƙe ya ce yau za a raba gardama. Ya kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura mata igiya, ya zura cikin rijiya kamar yadda mahaƙa ke yi in suna tsoron muguwar iska. Ya jawo ta tana ci. Ya ɗebo ruwa a kofin gilashi, ya ɗaga wa rana, ya shanye a gaban jama'a. Umaru ya ce masa wannan iskar ba ta kashe fitila. Bawa ya ce, "Iskad da ba a gani, ba ta wari, ba ta kashe hitila? To wannan aljani na, Malam, kuma ba kwalba aka kama shi ba." Aka fashe da dariya. Daga ranar sunan yayana ya koma Mai Kwalba, har yaran da yake koyarwa suna faɗa a bayan idonsa.

Bai fasa ba. Ya samo kwalaben da suka dace, ya shirya tafiya, domin ya ce ruwan sai an cika shi maƙil ba kumfa, a kuma kai shi da wuri tun iskar ba ta ragu ba. Safiyar da ya je ɗiba ya tarar da kwaɗo a ƙofa. An raba makulli ga matan gida, an gargaɗe su kada wadda ta ba shi. Wata ta ce za ta satar masa a bokiti, ya ce a'a, ba zai jawo wa matar wani fitina ba, kuma ruwan da aka juye daga guga zuwa bokiti zuwa kwalba ba zai faɗi gaskiya ba. Sai ya koma gida ya ɗauko guduma, da rana tsaka, kowa na gani, ya fasa taga a bangon gabas. Kafin Juma'a ta zagayo an toshe ta da bulo. Baffa ya daina amsa gaisuwarsa, kuma bai sake amsawa ba har abin da ya faru ya faru.

Hatsarin babur ne, a hanyar Kende, yana dawowa daga makaranta ana ruwa. Ya bar matarsa Hajo da yara uku. A zaman makoki, da kunnena, ba wani ya ba ni labari ba, na ji Bawa yana cewa a hankali, "Ga mu nan dai masu shan rijiya, muna zaman makokin mai tsoronta." Wasu suka yi murmushi cikin rawani. Na sha ƙoƙarin in yafe wannan maganar, na kai ta gaban Allah a azumi da yawa, amma ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, ban yafe ba.

Yanzu Baffa ya riga ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bawa ya zama Alhaji, yana da motoci a hanya, kuma shi ne mai wannan sadakar. Me ya canza? Ba ruwan ne ya canza ba. Ɗaliban Umaru ne suka girma, wasu ma'aikatan lafiya ne, wasu malamai, kuma duk inda suka zauna sai sun ambace shi da alheri. Sunan da aka yi wa dariya yanzu ya yi kyan da za a manna a bango. Kuma a ina za a haƙa burtsatsen? A gindin tudun nan dai, kusa da tsohuwar rijiya, cikin dutsen nan dai, har ma a fi ta zurfi. Za a sa sola da tanki, a ja bututu. Gidan da za a fara ja wa, don nuna zumunci, gidan Hajo ne. An riga an fara gina mata banɗaki mai tayil. Na je na gani da idona. Taga guda ce can sama, ko farantin tuwo ya fi ta faɗi.

Na sami Alhaji Bawa a ƙofar gidansa, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, don har gobe yayana ne. Na ce, "Yaya, ruwan ga, za a auna shi kahin a ja ma yara?"

Ya ce, "Masu injin sun ce in yah hito hwari tas, shi ke nan."

Na ce, "Ai na rijiya ma hwari na."

Ya yi dariyar nan tasa ta dā, ba abin da ya ragu a cikinta. Ya ce, "Malama, ke ma ciwon kwalba ya kama ki? Mu muna son mu yi ma Umaru alheri, ke kina tono."

Tono! Ni ce mai tono, shi da zai kawo inji ya huda dutse.

Ina yawan tambayar kaina abin da Umaru zai ce in ya leƙo yau. Na san zai yi murna da wasu abubuwa, don shi ba mai ƙin ci gaba ba ne. Zai ji daɗin ganin yara sun rage shan ruwan fadama, gudawa ta ragu a gidajen da suka samu burtsatse. Amma zai ga injin haƙa yana yawo daga Geza zuwa Illo, wannan ya haƙa sadaka, wancan ya haƙa don ƙuri'a, a yanka rago, a ɗauki hoto, kuma a cikin waɗanda na halarta ban taɓa jin an tsaya an tambayi abin da ke cikin ruwan ba. Zai ga mun bar ɗakunan da iska ke ratsawa mun koma na siminti da silin da gilashi, a rufe ruf saboda sauro. Har yanzu ido da harshe ne ma'auninmu. Fitilar Bawa ce dai muke zurawa, sai dai yanzu da inji muke zura ta.

Kada wani ya ce na ce rijiyar kakanmu tana da radon. Ban ce ba. Ban sani ba. Alhaji bai sani ba, masu injin ba su sani ba, kuma laifin ke nan. Mai yiwuwa a auna a tarar ruwan lafiya ƙalau, Allah ya sa haka. In ma an tarar da wani abu, ba rufe rijiya za a yi ba, Umaru ya faɗa tun tuni: a bar ruwa ya sha iska a fili kafin ya shiga ɗaki, a buɗe tagogi. Wannan shi ne abin da aka raba zumunci a kansa, aka bar mutum ya mutu ba a amsa sallamarsa. Mutumin da zai iya kawo injin haƙa daga birni ba zai ce mini kai kwalba ɗakin gwaji ya gagare shi ba. Ba ya so ne, domin in ya auna, ko me aka samu, ya yarda ke nan cewa tambayar Mai Kwalba tambaya ce.

Me ya rage na Umaru? Ba dukiya ya bari ba, ba gona mai yawa ba. Hajo dai har yau in ta kawo ruwa sai ta kwarara shi daga sama cikin babban baho a gindin darbejiya, ta rufe da gidan sauro, sai washegari ya shiga randa. Matan unguwa da yawa sun ɗauka, ba tare da sun gaya wa mazansu dalili ba. Ƙaramar 'yarsa, wadda take goye lokacin da ya rasu, in ta shiga ɗaki abin da take fara yi shi ne buɗe taga, ba ta ma san daga ina ta samo ba. Sai kuma tabon nan a bangon gabas na ɗakin rijiya, inda simintin toshiya ya bambanta da na asali. An yi fenti sau da yawa, yana fitowa. Wannan yarinyar ce za ta riƙa wanka a banɗakin da ake ginawa, ƙofa a rufe, da ruwan da aka ce na ubanta ne.

Saboda haka, Yaya Alhaji, na faɗa maka a ƙofar gidanka ka yi dariya, yanzu ina faɗa a gaban duniya. Ka haƙa burtsatsenka, Allah ya ba ka lada, ka sa sunanka ko na Baffa. In kuma sunan Umaru kake so, to ka san farashinsa tun ranar fitila: a auna ruwan, a faɗaɗa wa yaran taga. Ka yi haka, ni zan fara sha a gaban jama'a, in yi guɗa har a ji a Binin. Amma gudumar da ya fasa bangon nan da ita tana wurina, Hajo ta ba ni ranar da ta fita takaba. In kuka manna allon ba awo, to ku gaya wa magini ya sa siminti mai ƙwari.