Ɗanyen Yaɓe a Bakin Rumbu

Daga Shumaisi zuwa Utaiƙa

Ranar Jumma'a, ana saura kwana biyu bikin Ista, na fito daga ɗakina na unguwar Shumaisi gari bai waye ba. Aikin jinya nake yi a wani asibiti a Riyad, kuma Jumma'a ce kaɗai ranar hutuna. Wanda na fita nema yayana ne, Iliya, mai aikin gona a bayan garin Kharj. Ya yi wata biyu ba ya ɗaukar waya.

A gidanmu, can ƙauye bayan Malumfashi, ba a buɗe rumbun iri sai Litinin ɗin Ista, kuma babban namijin gida ne kaɗai ke ba da izini. Shi zai yi addu'a, a fasa yaɓen bakin rumbu, a sauko da damin farko, sannan a raba wa kowa irin da zai shuka. Tun da Baba ya rasu wannan ya koma hannun Yaya Iliya. Da ya zo Saudiyya sai aka koma yi ta wayar bidiyo, yana addu'a daga nan, ƙanenmu Haruna yana hawa tsani a can. Bana ruwa ya sauka sau biyu, maƙwabta sun yi shuka, amma Inna ta ce ba mai taɓa rumbun sai ta ji bakin yayanmu. Shi ya sa ta tashe ni tsaye.

A bakin kasuwar kayan miya ta Utaiƙa na tarar da Malam Sabi'u, wani Bakano direba da muka saba. Fasto yake ce mini, ni kuma ina ce masa Liman, alhali ko ɗayanmu bai cancanci sunan ba. Na jira ya idar da sallar asuba muka kama hanya.

Hanyar Kharj

Tafiyar kamar kilomita tamanin ce, titi sumul, ba rami ba ɗan acaɓa. An yi yayyafi cikin makon, hamada ta ɗan yi kore-kore. Malam Sabi'u ya ce su Larabawa da sun ga ciyawa tsinke uku sai su ɗauko darduma da butar shayi su zo yawon shan iska. Na yi dariya, amma ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan gida ya tuna mini, lokacin da ake ƙona sharar gona yara suna koyon waƙoƙin Ista a gindin mangwaron coci. Kewa ta kama ni sosai.

Shinge ɗaya muka tarar. Ɗan sandan ya karɓi iƙamata, wato katin izinin zama, ya dube ta, ya dube ni, ya ce yalla, mu wuce. A Kharj muka tsaya wani ɗan shago muka ci tamis, gurasarsu, da dafaffen waken da suke kira ful, muka kora da shayi mai madara. Na sa aka ƙunsa mini wani tamis ɗin don Yaya.

A gonar

Daga nan muka bar kwalta muka bi ta tsakanin gonakin dabino. Wani Basudane mai gadi ya nuna mana inda zan same shi. Malam Sabi'u ya ce zai jira a mota, maganar 'yan'uwa ba ta son ɗan kallo.

Na hango shi shi kaɗai a tsakiyar fili yana yankan barsim, ciyawar da suke ba shanu. Ya rame, furfura ta fito masa. Lafiyarsa ƙalau, wayar ma tana aljihunsa, a kashe. A nan raina ya ɓaci, domin na kwana biyu ina zaton ko yana kwance ne. Na faɗa masa haka ba tare da na tauna ba. Ya kai ni ɗakinsa, gado ɗaya da risho, ya ɗora shayi.

Sai da na kawo maganar rumbu ya ɗago.

"Bulus, bara ka kalli bidiyon nan da kyau?"

Na ce na kalla, ban ga komai ba.

"Kai ɗan boko ne. Yaɓen bakin rumbun ɗanye ne. Yaɓen da aka yi tun kaka ya kamata a ce ya bushe ya tsattsage. Sun buɗe sun yi shukarsu, suka sake liƙewa don a yi mini wasan yara."

Ya ce ba buɗewar ce ta ƙona masa rai ba, don manomi ba ya wasa da ruwan fari. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne yadda ya rufe ido yana addu'a da zuciya ɗaya, matarsa da 'ya'yansa da Inna duk suna cewa amin, kowa ya sani sai shi. Shekara guda yana riƙe da abin, ba wanda zai faɗa wa sai shanu. Da Ista ta ƙarato ya ga ba zai iya maimaitawa ba, ya kashe waya.

Ban roƙe shi ba, na kira Inna kawai na miƙa masa wayata. Ita ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai ne?" Ya ce shi ne. Ba ta jira tambaya ba ta amsa laifin bara, ta ce ita ta sa Haruna, don ruwa ya riga Ista sauka kuma ba ta so ya ji an yi ba shi. Shi ya sa bana ta rantse ko gero zai makara sai ta jira.

"Inna, ruwa biyu kuka zauna kuna kallo saboda ni?"

Ya sa aka kira Haruna. Ya ce masa ya ɗauko tsani yanzu, kada ya jira Litinin, kuma daga yau rumbu nasa ne, shi zai riƙa addu'a shi zai riƙa rabo, domin wanda ke ganin hadari da idonsa shi ya kamata ya riƙe. Na ji Haruna yana cewa a'a Yaya, shi kuwa ya kashe wayar ya miƙo mini. Muka ci tamis ɗin da ya huce.

Komawa

Ya rako ni har bakin mota, ya gaisa da Malam Sabi'u. Har na zauna ya sunkuyo ta taga, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka ce wa Haruna in sun fita shuka ya kira ni ta bidiyo. Ba zan ce komai ba, kallo kawai zan yi."

Mun shigo Riyad bayan an sauko daga masallaci, tituna fayau. Kafin in hau bene Haruna ya turo hoton damin farko a ƙasa, Inna na tsaye a gefe. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Malam Sabi'u da bai tambaye ni komai ba duk tsawon hanya. Na tura wa Yaya hoton, nan take wayata ta nuna ya buɗe, ashe ya kunna tasa.