Igiyar Kawu Illo

Duk wanda ya zauna unguwar Manshiya ta garin Sabha a shekarun nan ya san Kawu Illo da igiyarsa. Igiyar magina ce fa, wadda ake daidaita bulo da ita, amma shi cikin mutane yake aunawa. Kana miƙa masa hannu ku gaisa, sai ka ji ya zagaye maka tumbi da ita, ya ƙulla, ya duba ƙullin yana girgiza kai. "Masu bincike sun ce idan nan ya cika, ciwon sukari da tansiyo, wato hawan jini, na bakin ƙofa." A rediyo ya ji, kuma tun ranar bai bar kowa ya huta ba.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, shi ya kawo ni Sabha aikin gini, kuma ni na fi kowa yi masa shaƙiyanci. Akwai maganar da ya kamata in faɗa masa ban faɗa ba, har yau kunyarta nake ji.

Wata rana mudir, Balaraben da muke gina wa gida a unguwar Hajara, ya zo duba aiki. Mutum ne mai jiki, masha Allah! Muna ta yi wa Kawu ƙifce, ina! Ya riga ya zaro igiya. Mudir ya ɗauka wata gaisuwa ce ta ƙasarmu, ya ɗaga hannuwa. Kawu ya zagaya, ya zagaya, sai ya tsaya.

"Mudir, igiyata ta ƙare, kai ba ka ƙare ba."

Mudir ya tambaye ni me tsohon ya ce. Na ce addu'a yake masa. Ya ce, "Bahi, bahi," wato madalla, har da dafa kafaɗar Kawu.

Zuwa aiki kuwa, Kawu ba ya hawa mota. Mu muna bayan kamiyo, babbar motar kaya, shi yana taka ƙafa daga Manshiya har Hajara, da ɗan ƙullin gyaɗa da dabino uku. Idan muka wuce shi, ni ke leƙowa in yi ihu, "Dokta, a gaida masu bincike!" Ya iso yana haki ya same mu mun baje a kan makarona da burodi, ya ce, "Kun riga ni zuwa. Ku ci gaba haka, ko'ina ma za ku riga ni."

Shayinmu ne babban abokin gabarsa. Kun san yadda nake haɗa shi, sai cokali ya kusa tsayuwa a ciki. Ya taɓa karɓar kofina ya ɗiga a ƙasa, ya tsuguna yana jira. Da tururuwa suka taru ya nuna su, "Sani, ga 'yan majalisarka sun iso."

To, sai na fara ramewa. Ƙishirwa ba ta barina, fitsari kamar an buɗe famfo. Ran da ya auna ni ƙullin ya ja baya sosai, na yi tsalle a gaban jama'a.

"Kawu, ka gani? Ban bar sukari ba, ga tumbi ya tafi! A sanar da masu bincike!"

Kowa ya yi dariya, ban da shi. Ya naɗe igiyarsa ya ce, "Je asibiti, ɗana."

Na tafi a ɓoye, bayan wata biyu. Ciwon sukari ne. Likita ya jero mini abin da zan bari, wallahi kamar Kawu ne ya rubuta masa. Da wane baki zan koma in ce ya yi gaskiya, bayan shekara uku ina mayar da shi abin dariya? Sai na ɓoye maganin a cikin safa. A gabansa kuma in ɗaga kofin shayi in kurɓa, don kar ya gane. Ku dubi wauta, ina cutar kaina don in kare girman kai.

Ranar da zai koma gida, garin Tawa, na raka shi tasha. Ya riƙe hannuna ya ce, "Lafiyarka dai?" Na ce, "Ƙalau, Kawu." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya hau mota. Bai cika shekara a gida ba zazzaɓi ya ɗauke shi.

Bayan sadakar bakwai, 'yarsa Hadiza ta aiko mini da saƙon murya. Ta ce yana kwance ya sa ta maimaita har sau biyu don kar ta manta: "Ki ce wa Sani, mai irin ciwonsa kullum ya cire takalmin aiki ya duba tafin ƙafarsa, ko ƙusa ta soke shi ba lalle ya ji ba. Kar ki ce na sani, zai ji kunya."

Na ji kuwa, Kawu. Ka yi gaskiya. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba ka abin sha mafi daɗi a Aljanna. Ni kuma Allah Ya yafe mini.