Gai da Gwaggo

In ka sauka tashar motar Kaura ka tambaye ni da sunan da anka raɗa mani, za ka sha rana. Ka ce Gwaggo, ko akuyar tasha ta nuna maka inda nike. Kuma namiji ne ni, har da gemu. Tsiraru ne, amma dai gemu ne.

Abin ya faro ne lokacin jirgin ƙasa bai daina zuwa Kaura ba tukuna. Na baro makaranta daga aji biyu, ni da lissafi munka rabu lahiya, kowa ya gane ba ya son ɗan'uwanshi. Ina zaman kashe wando bakin reluwe, sai wani ma'aikacin tashar jirgi, Kirista daga kudancin Zariya, yat tara mu samari yac ce za mu kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Darakta muke ce mashi. Shi ke rubuta wasan, shi ke koya muna tsayuwa, shi ke tsawa in mutum ya juya ma 'yan kallo ƙeya. In yac ce "ku zauna," sai mu ce, "Zamna ake cewa, Darakta, nan ba garinku ba ne."

Abu guda yag gagare shi: mace. Babu uban da zai bar ɗiyarshi ta tsaya hili tana kiran ɗan wani maigida. Ga shi ya rubuta wasa da tsohuwa ciki. Wata rana muna gwaji bayan ajin firamare, ina kwaikwayon tahiyar ƙanwar ubana don in ba abokai dariya, hannu guda ga ƙugu, baki na taunar goron da babu shi. Ban san Darakta na bayana ba.

Yac ce, "Sake."

Nis sake.

Yac ce, "Ka samu aiki."

Haka anka haihi Gwaggo. Tsohon zanen innata, ɗankwali, toka ga gira. Darakta yat tsara mata shiga wadda babu magana, wasan bebe yake ce mata. Ta shigo, ta shimfiɗa tabarma, ta kori kazar da babu, ta yi ta fama da zare da allurar da babu, zaren na kuskure kafa tana zagin shi da ido. Kahin in buɗa baki mutane sun riƙe ciki. Rubutun Darakta kuwa ban taɓa haddace shi ba. Shi ba ni layi, in tauna, in tofo nawa, shi dafe kai bayan zana.

Ranar wasa Darakta kan rubuta sanarwa da shuni bisa takardar siminti, a manna bakin kasuwa. Iska kaɗai ke karanta ta. Sanarwar gaske ni ce. A ɗora ni amalanke da zanena, mai ganga gaba, a zagaya gari ina tsokanar mahauta da masu faci, ina cewa kowa shi zo hilin firamare bayan la'asar, wanda bai zo ba na ci bashin uwarshi. Munka je Zurmi, munka je Banga da Sakajiki bayan a-kori-kura. Ko'ina yara sun riga motar isa suna kiran Gwaggo. Daɗi nike ji. Wanda ko aji uku bai gani ba, ga shi gari guda ya san shi.

Wurin wasa nih haɗu da yarinyar da nis so in aura. An watse, ina goge toka bakin shinge, sai nij ji an ce, "Gwaggo, ina wuni."

Nis sa muryata ta maza nic ce, "Wasa ya ƙare, ƙanwata."

Tac ce, "To ɗaurin ɗankwalin ga ma shi ƙare. Wace tsohuwa ka taɓa gani da ɗauri gaban goshi? Baya ake kai shi, a saki kunne guda waje don jin gulma."

'Yar Shinkafi ce, ta zo taya yayarta zaman jego. Ita tak koya mani yadda tsohuwa ke tashi: hannu bisa gwiwa, baya ya riga kai miƙewa, a kira Allah tsakiyar hanya. Ita tac ce tsohuwa ba ta nuni da yatsa, da leɓe take yi. Duk abin da Gwaggo taz zama daga baya, rabi nata ne. Da tak koma gida sai nik koma mai son sanin farashin albasa, kowace Alhamis ina kasuwar Shinkafi. Ban taɓa sayen ko ƙwara ba.

Ubana ya rasu tun ina yaro, don haka kawuna nig gaya ma ina son ta da aure. Ita ma marainiya ce, baffanta ke ba da ita, wani dattijo mai sayar da hatsi. Kawu yat tahi da goro. Anka karɓe shi da mutunci, anka ce za a bincika, kamar yadda ake yi ma kowa.

Baffan da kanshi yaz zo Kaura binciken. Mai shayin tasha ne yab ba ni labari daga baya, shina ba ni shina alfahari, wai ya yi mani aiki. Dattijo ya sauka, ya faɗi sunana da na ubana. Babu wanda yas sani. Yat tambayi 'yan kamasho, yat tambayi mai faci, har an fara ce mashi ko Gusau yake nuhi. Sai da yac ce yaron ɗan leburan reluwe ne, siriri, mai yawan magana, sannan mai shayi yab buga cinya.

"Au, Gwaggo kake nema, Baba? Ai da ka ce Gwaggo."

Nan mutane sunka taru, kowa na son shi yi mani alheri. Wannan yac ce ba ya sata, ba ya shaye-shaye, salla ba ta wuce shi. Da sun tsaya nan da yau ina da iyali. Amma mai faci yac ce, "Baba, duk Kaura babu macen da ta kai shi iya ɗaurin zane." Wani yac ce in ya yi guɗa sai ka rantse kakarka ce tad dawo. Wani yat tashi yag gwada mashi tahiyata. Babu maƙiyi ko guda cikinsu. Masoyana ne sunka yi mani wanka da yabo, sunka sa ni likkafani.

Kawu yak koma Shinkafi jin amsa, yad dawo yak kira ni zaure.

"Mutumin ga bai zage ka ba," in ji kawu. "Yac ce bai ce kai ɗan daudu ne ba, ya bincika ya san ba ka cikinsu. Amma yac ce, in an tambaye shi masallaci wa yab ba ɗiyar ɗan'uwanshi, shi ce mi? Shi ce Gwaggo?"

Nic ce, "Kawu, ai wasa ne."

"Wasa kan ƙare a koma gida. Naka ya biyo ka gida. Na dai roƙe shi, yac ce in ya ga ka aje zanen, a sake magana."

Nit tahi wurin Darakta nic ce daga yau Gwaggo ta mutu, shi ba ni namiji. Yac ce ya gane, shi ma da wuya yas samu tashi matar. An riga an gayyace mu Shinkafi washegarin Salla, don haka yaz zamna yar rubuta sabon wasa domina: direban babbar mota, mai tsawa, mai gashin baki. Munka yi gashin bakin da gemun bunsuru da ƙaro. Nih haddace layina kaf, karo na farko a rayuwata. Nis sa anka gaya ma baffan shi zo shi gani da idonshi.

Muna shiga Shinkafi nij ji yara na bin mota suna kiran Gwaggo. Nid dubi Darakta. Yad dubi takalminshi.

Nic ce, "Mi kac ce ma yaran da kat tura sanarwa?"

"Ɗan'uwa, in na ce direba na zuwa, wa zai baro tuwon Salla? Garin ga kullum suna ganin direba."

Hilin ya cika har bisa itace. Maza gaba, mata can baya jikin katangar makaranta. Baffan na zamne bisa benci da babbar rigarshi. Ita ma na hango ta cikin mata, da sabon mayahi.

Nih hito da gashin bakina, ina taka ƙasa awa soja, nid daka ma yaron mota tsawa. Shiru. Irin shirun da ban taɓa ji ba, har ina jin kukan tunkiya bayan gari. Nik ƙara ƙarfin murya. Ashe ina cikin faɗan hannuna ya tahi ƙugu shi kaɗai, ban aike shi ba. Wani daga bisa itace yac ce, "Lalle, Gwaggo ta sayi mota." Anka kwashe da dariya. Nij janye hannun, nim murtuke, nic ci gaba da layin Darakta. Dariyar tam mutu. Mutane sunka fara hira tsakaninsu. Na baya sunka fara zarewa, wasu samari na buga ƙafa suna cewa a hito masu da tsohuwarsu ko su watsa wurin.

Da nik koma bayan zana, Darakta na tsaye da zanen a hannu. Ashe ya taho da shi cikin jakarshi. Bai miƙo mani ba, riƙe shi kawai yay yi.

Yac ce, "Ba zan ce ka sa ba."

Nic ce, "To mi ya kawo shi Shinkafi? Ziyara?"

Sauran 'yan wasa na kallona, wanda anka yi ma shigar alƙali har rawaninshi na rawa. Waje ana ta kiran sunan. In gaya maku gaskiya, ban san lokacin da nic cire gashin bakin ba. Kiran nan shiga jikina yake awa ruwan sanyi ga mai ƙishi. Nid ɗaura zane, nik kai ɗaurin ɗankwali baya, nis saki kunne guda.

Ban taɓa wasa irin na rannan ba, kuma ban sake ba. Gwaggo tas shigo neman direban da yat take mata kaza. Kazar da babu, nid ɗauke ta, nir rufe mata ido, niy yi mata ta'aziyya ba tare da kalma guda ba. Mutane na faɗowa daga benci. Nis saci kallon baffan. Dattijo ya kwanta jikin na kusa da shi, shina share hawaye da hannun riga, hula ta karkace. Nic ce a raina, shi ke nan, na ci. Wanda yay yi dariya haka ai ba ya hana ka komai.

Da anka watse yat tako har inda nike, zanen na jikina tukuna. Yak kama hannuna da hannu biyu.

"Allah ya yi maka baiwa," in ji shi. "Rabona da dariya haka tun ɗan'uwana na da rai. Allah shi yi maki albarka, Gwaggo."

Maki yac ce. Bai ma ji kanshi ba.

Ba a yi sati ba anka maido ma kawu goronshi, wai a yi haƙuri. Kahin damina anka ba da ita ga wani mai sayar da taki, mutumin kirki, an ce ita ma ba ta ƙi ba. Ban ga laihinta ba. Ban ma samu wanda zan ga laihinshi ba, abin da yaf fi ci mani rai ke nan.

Da ma ƙungiyar ta ɗore, sai in ce na sayar da aure na sayi wani abu. Ba ta ɗore ba. Gidajen bidiyo sunka buɗe, mutum shi zamna inuwa shi ga Indiyawa na rawa bisa dutse, wa zai tsaya rana don tsohuwar toka? Mun yi wasa Zurmi, 'yan kallo ba su kai 'yan wasa yawa ba. Jirgi yad daina zuwa, anka maida Darakta garinsu. Ranar tahiyarshi yab bar mani zanen cikin leda, yac ce in yafe mashi. Nic ce, "Zamna ake cewa, Darakta." Ba ta dace da wurin ba, ita ce dai taz zo bakina. Babu wanda yay yi dariya.

Yanzu ɗan kamasho nike tasha, ina loda motar Zurmi da Shinkafi. Na nemi aure wuri biyu bayan nan, ko'ina ana zuwa bincike, kuma masoyana na nan da ransu.

Shekarar da anka ba mu jiha, ana ta murna gari, ina tsaye ina kiran fasinja sai ga ta, 'yar Shinkafin nan. Ta yi jiki, da goyo, tana jaye da wani yaro da bai isa makaranta ba. Munka gaisa awa mutanen da sunka taɓa haɗuwa asibiti. Ta buɗa baki za ta ce ma yaron shi gaishe ni, nig ga tana neman sunana cikin kanta. Ta san shi da. Nib ba ta lokaci. Bai zo ba.

Tac ce, "Durƙusa ka gai da Gwaggo."

Yaro yad durƙusa. Yad dubi gemuna, yad dubi uwarshi, yac ce, "Ina wuni, Gwaggo."

Duk tasha na saurare. Nid dafa gwiwa, nis sunkuya baya ya riga kai, nik kira Allah tsakiyar hanya kamar yadda tak koya mani, nic ce da muryar, "Lahiya lau, ɗan nema. Wa yay yi maka wannan askin, makaho?"

Yaron yak ƙyalƙyale. Ita ma ta fara, sai taj ja mayahi tar rufe baki, tad dubi wani wuri.

Nis sa su gidan gaba, nir rufe ƙofa, nib buga ma direba bodi. Motar Zurmi saura mutum biyu, nik koma kira.