Daro Bakwai na Iya Zakiyya

Zakiyya Jibrin ba ta taɓa zama a aji ba, amma shekara ashirin da shida ke nan makullan wata makarantar 'yan mata a Ombadda suna ɗaure a bakin mayafinta. Mahaifinta ya yi cirar auduga a Jazira, nan ƙasar Sudan. Da aikin ya mutu ya kwaso iyalinsa zuwa Omdurman, ya yi dako a Kasuwar Libiya har bayansa ya ƙi miƙewa. Ita kuwa ta samu aikin farrasha: shara, cika randuna, buga ƙararrawa, kai wa malamai shayi. Malamai suna ce mata Hajja ko da yake ba ta tsallaka teku ba, yara kuma Iya, har waɗanda ba su jin Hausa ko kalma ɗaya.

Shekarar da layin gidan burodi ya fara kaiwa bakin titi, hukuma ta kawo tsarin fatur, wato karin kumallon ƙarfe goma, don yaran da gidajensu ba su da hali. Yara ɗari huɗu ne a makarantar, takarda ta zo da suna tasa'in. Kullum da safe raksha, babur mai ƙafa uku, ta sauke buhun burodi da tukunyar ful, waken nan da ake dafawa ya kwana a wuta. Shugabar makaranta, Ustaza Wafa, ta ɗora rabon a wuyan Zakiyya, don ita ta san kowace yarinya da uwarta.

Ƙa'idar a rubuce take: a kira suna a tsakar makaranta, yarinya ta fito, a ba ta burodi guda da ful a ciki, a leda. Ranar farko tasa'in suka fito. Kafin Alhamis ba su kai talatin ba. Zakiyya ta ga Duha, wadda uwarta ke sayar da shayi a tasha, tana laɓe bayan randuna tana ɗura ruwa har aka gama kiran suna. 

Ranar Lahadi ta zo da daro bakwai da ta aro a unguwa, irin na biki. Ta gutsuttsura burodin duka, ta kwarara ful da romonsa, ta yayyafa man riɗi da albasa, ya zama bosh kamar yadda ake yinsa a kowane lungu na garin. Ta bi aji aji tana cewa wadda ta zo da nata daga gida ta juye a ciki, wadda ba ta zo da shi ba ta wanke hannu. Haka aka saba a nan, mutum ba ya buɗe abincinsa wani yana kallo. Masu cuku suka marmasa cukunsu, masu ƙwai suka ɓare. Aka tsuguna a gindin darbejiya, aka suɗe daro tas. Shekara biyu ana haka.

Sai ofis ya turo mai duba aiki, Ustaz Hazim, yaro mai ladabi, waya a hannu. Ya tarar ana ci, ya tsaya yana duba takardarsa.

"Hajja, ina yara tasa'in ɗin?"

"Suna ciki, ɗana."

"Cikin ina?"

"Cikin ɗari huɗun."

Ya yi murmushi. "Ofis yana son hoton kowace yarinya riƙe da nata. Nan kuwa hannaye kawai nake gani. Waccan mai sabon takalmi ma na san ubanta, shago uku gare shi. Burodin hukuma take ci."

"Cukun da ke sama daga jakarta ya fito," in ji Zakiyya. "Zauna mana, ba a tsayawa a kan masu ci."

Ya kuwa zauna. Ya yi loma uku, ya lashe yatsa, ya sa wa hannunta albarka. Bayan kwana goma takarda ta zo: an karkatar da abinci ga waɗanda ba su cancanta ba.

Ustaza Wafa ta kira ta ofis ta rufe ƙofa. "Ya Hajja, wallahi na yi magana har bakina ya bushe. Sun ce ko a koma leda, ko a cire makarantar daga tsarin."

"In an koma leda za su ci, Ustaza?"

Ustaza Wafa ta yi ta gyara takardu a kan tebur. "Ni ko an raba ake tambayata, ba ko an ci ba," ta ce.

Zakiyya ta sa mayafinta na salla ta hau mota biyu zuwa ofishin da kanta. Kwana uku tana zama a benci ɗaya. Ran na uku wani mutum ya saurare ta tsaf, har yana gyaɗa kai, sannan ya miƙo mata takarda da biro ya ce ta rubuta kukanta ta bari, za a duba. Ta karɓi biron, ta juya shi a hannu, ta ajiye masa a hankali, ta yi masa godiya.

Aka ba wani ɗan kwangila rabon. Yana kawo burodin a naɗe, malamai suna fito da yaran da kansu, a jera su a rana, a ɗauki hoto. Tasa'in cif kullum. Da sun koma, kowacce ta nemi inda za ta tura ledar kafin ƙawayenta su waigo.

Zakiyya dai shara ba a ƙwace mata ba. Bayan an tashi tana zaro ledojin daga bayan allo, daga ƙarƙashin benci, daga ramin katanga, yawancinsu ba a ko kwance ba. Da farko takan bi gidajen yaran da yamma ta ce ragowa ce, a taimaka mata kada ta lalace. Amma ful ba ya jimre wa zafin Omdurman a cikin leda, kafin la'asar ya yi tsami. Yanzu maƙwabciyarta Bakhita take kai wa, mai awaki huɗu. Shekaranjiya Bakhita ta leƙa buhun ta ce ko hukuma ta ƙara yawan burodin ne.

"A'a," in ji Zakiyya, ta juye shi a kwanon awakin.