Kaskon da Gishiri Ya Ci

Shekarun baya, da rashin tsaro ya raba mu da gonarmu ta wajen Zurmi, ni da yayana muka koma Ƙaura Namoda muna zubin tukwanen alminiyam. A wani kasko mai kauri, wanda aka yanko daga gindin tukunyar gas, muke narka gwangwanaye da tsofaffin tukwane. In sun narke sai mu watsa gishiri da 'yar kanwa, su ma su narke a sama, su tattaro datti mu kwashe.

Wata rana ina kankare kaskon bayan ya huce, sai na ga ƙananan ramuka sun zagaye shi, daidai inda ruwan gishirin ke tsayawa. Na sa farce, ƙarfe ya ɓantaro kamar ƙanzo.

Na ce, "Yaya, gishirin ga fa yana cin kaskon ga."

Ya yi dariya. "Ƙarfen da wuta ba ta ci ba, gishirin miya za ya ci shi?"

Shi ke ɗaga kaskon da awartaki, ya taka da shi zuwa wurin zubi, silifas ne kawai a ƙafarsa. Duk takun da ya yi, idona na kan ramukan nan. Har Shinkafi na je, wata mai ginin tukwane ta gina mini kasko na yumɓu. Shi ma gishirin bai bar shi ba: cikinsa ya yi ƙyalli kamar kwalba, sannan ya tsage. Ga masu jiran tukwane, dole muka koma wa tsohon.

Ana gobe kasuwa, yayana ya damƙi kaskon zai ɗaga, sai na ji garwashi ya yi tsuwa. Wani siririn zare mai walƙiya na zuba daga gefen kaskon.

"Yaya, saki!"

Yana saki gefen ya yage, ruwan alminiyam ya malale cikin murhu. Ɗigo ɗaya ya same shi a idon sawu. Ni mai gargaɗin kuwa, ban san lokacin da na kai bakin titi ba.

Da na dawo na tarar da shi zaune, riƙe da ƙafa. Ya dube ni ya ce, "Kada Inna ta ji."

Bai taɓa cewa na yi gaskiya ba. Amma tun daga ranar, kullum da safe kafin a hura wuta, sai ya miƙo mini sabon kaskonmu ya ce, "Duba muna."